Dakta Ambedkar, Yaron Da Aka Hana Taɓa Famfon Makaranta

Da wuya a sami ɗalibi a makarantar nan wanda bai taɓa kallon fim ɗin Indiya ba. Mun san rawarsu da waƙarsu, mun san yadda matansu ke naɗa zane, har wasunmu sukan rera waƙoƙin ba tare da sun san abin da ake faɗi ba. Iyayenmu kuwa da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980, da yawansu Indiyawa ne suka koya musu lissafi da kimiyya. Amma akwai wata al'ada mai tushe a ƙasar nan ta Indiya wadda ba kasafai fim yake nuna ta ba, alhali kuwa shekaru aru-aru ita ce take yanke wa mutum wanda zai aura, da sana'ar da zai yi, da rijiyar da zai ɗebi ruwa. Tarihin Dakta Bhimrao Ramji Ambedkar tarihin yaƙi da wannan al'ada ne, saboda haka sai mun fara saninta kafin mu san shi.

A tsarin addinin Hindu na gargajiya an kasa mutane gida huɗu. A sama akwai Brahmin, watau malamai da masu kula da ɗakunan bauta. Daga su sai Kshatriya, sarakuna da mayaƙa, sa'an nan Vaishya, 'yan kasuwa, sa'an nan Shudra, masu yi wa sauran hidima. Kowane gida ya sake rarrabuwa zuwa ƙananan dangogi da ake kira jati, waɗanda yawansu ya kai dubbai. A cikin jatin da aka haifi mutum zai yi aure, a cikinsa kuma zai mutu. Dukiya ba ta fitar da shi, ilmi ma haka. To, a ƙarƙashin waɗannan huɗu akwai wata jama'a da ko lissafi ba a sa ta ciki. Su ne masu jan mushe, da masu jima, da masu shara, da masu kwashe bayan gida. An ɗauka cewa jikinsu najasa ne, wanda duk ya taɓa su sai ya yi wanka. A yau suna kiran kansu Dalit, ma'ana waɗanda aka murƙushe.

Mai karatu zai iya cewa ai mu ma muna da sana'ar gado, maƙera da mahauta da wanzamai, har wani lokaci akan yi ta ja-in-ja wajen ba su aure. Gaskiya ne, kuma ba abin alfahari ba ne. Amma mahauci yana shiga sahu ɗaya da hakimi a masallaci, kafaɗa da kafaɗa, yana kuma sa hannu a akushi ɗaya da maƙwabcinsa. Abin da ake magana a kai a Indiya ya wuce nan nesa.

An haifi Bhimrao ran 14 ga Afrilu, 1891, a barikin soja na Mhow da ke tsakiyar Indiya, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila. Shi ne ɗa na goma sha huɗu kuma auta a wurin mahaifinsa Ramji Sakpal da mahaifiyarsa Bhimabai. Su 'yan jatin Mahar ne, masu jin harshen Marathi, asalinsu kuma wani ƙauye ne mai suna Ambadawe a yammacin ƙasar. A ƙauye, aikin Mahar shi ne gadi, da kai saƙon dagaci, da shara, da fitar da mushen shanu bayan gari. Ladansu ɗan hatsi ne da sauran abincin da aka ci aka rage, unguwarsu kuma tana can gefe. Sa'ar da iyalin Bhimrao suka yi ita ce aikin soja. Turawa sun daɗe suna ɗaukar 'yan Mahar soja, a bariki kuwa akwai makaranta. Ramji ya yi karatu har ya kai muƙamin subeda, ya kuma koyar a makarantar sojoji. Bayan ya yi ritaya suka zauna a garin Satara, inda mahaifiyar Bhimrao ta rasu yana ɗan yaro ƙarami, gwaggonsa ta ci gaba da renonsa.

A Satara ya fara sanin matsayinsa. A aji ba ya zama tare da sauran yara. Akwai wani tsohon buhu da yake shimfiɗawa a kusurwa, in an tashi kuma ya naɗe abinsa ya kai gida, domin mai sharar makaranta ba zai taɓa shi ba. In ƙishirwa ta kama shi ba shi da ikon buɗe famfo da hannunsa, sai ya jira masinjan makaranta ya zo ya ba shi. Ran da masinja bai zo ba kuwa, ranar babu shan ruwa ke nan. Wanzaman garin ba sa yi masa aski, 'yan'uwansa mata ne suke yi masa a gida. Masu wanki ma ba sa karɓar tufafinsu, ko da yake suna da kuɗin biya. 'Yan'uwa ɗalibai, mu da muke ƙorafi in famfo ya ɗauke na yini ɗaya, sai mu auna wannan.

Akwai wata tafiya da ya yi wajen shekara ta 1901 wadda bai manta da ita ba har tsufansa, ya kuma rubuta labarinta da kansa. Mahaifinsu yana aikin ajiyar kuɗi a wani gari inda gwamnati take haƙa tafki don sama wa mutane aiki a lokacin fari. Ya aiko su zo hutu. Yaran suka ci ado da sababbin tufafi, suka hau jirgin ƙasa, suka sauka a tashar Masur, ba su tarar da kowa ya zo taryarsu ba. Shugaban tasha ya gan su tsaf-tsaf, ya zaci 'ya'yan manya ne, ya yi ta jan su da fara'a. Da ya tambayi jatinsu Bhimrao ya faɗi gaskiya, nan take fuskar mutumin ta canza. Masu amalanke suna nan jere a bakin tasha, amma ba wanda ya yarda ya ɗauke su. Da ƙyar aka shirya da wani a kan za su biya ninki biyu, su kuma za su kora shanun da kansu, shi mai amalanken ya bi su a ƙasa. Dare ya yi musu a hanya. Suna da guzuri, amma ba wanda zai ba su ruwa, har Bhimrao ya gwada cewa shi Musulmi ne, da yake yana jin Urdu, duk da haka bai samu ba. Haka suka kwana da yunwa ga abinci a ƙunshe, 'ya'yan mutumin da ke biyan masu haƙa tafki.

Ba duka malamai ne suka ƙi shi ba. Ana ba da labarin wani malami ɗan Brahmin mai suna Ambedkar da ya so yaron, yana ɗibar masa abinci daga nasa, har ya rubuta masa sunansa a rajista. Sunan da duniya ta san shi da shi ke nan.

Daga baya suka koma Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai. Ɗaki ɗaya suka samu a unguwar ma'aikatan masaƙa, a nan ake girki, a nan ake kwana. An ce uban yakan sa yaron ya kwanta da wuri, shi ya zauna, can wajen ƙarfe biyu na dare ya tashe shi ya yi karatu da fitilar kananzir, sa'an nan shi ya kwanta a wurin. A makarantar Elphinstone, wata rana malami ya kira shi gaban allo ya yi lissafi, sai yara suka tashi da ihu suka ruga suna kwashe kwanonin abincinsu da ke bayan allon, kada ya ƙazantar da su. Ya so ya koyi Sanskrit, harshen littattafan addinin Hindu, aka ce bai halatta ga irinsa ba, dole ya ɗauki Farisanci. A 1906 aka yi masa aure da wata yarinya, Ramabai, yana da shekara 15 ita kuma 9, kamar yadda aka saba a lokacin. A 1907 ya ci jarrabawar shiga jami'a. Abin ya zama abin mamaki a wurin 'yan Mahar har suka yi taron murna, a nan ne wani malami mai suna Keluskar ya ba shi kyautar littafin tarihin Buda. Mu riƙe wannan littafi a zuciya, za mu sake gamuwa da shi.

Sarkin Baroda, Sayajirao Gaekwad, mutum ne mai son ilmi. Shi ya ɗauki nauyinsa da rupi 25 a wata har ya sami digiri a 1912, sa'an nan a 1913 ya aika shi Jami'ar Columbia a birnin New York na Amurka, da sharaɗin in ya dawo zai yi wa masarautar aiki. A can ne karo na farko ya zauna a teburi ɗaya da kowa, ya ci abinci ba wanda ya janye kwano. Ya karanta tattalin arziki da ilmin zaman jama'a, cikin malamansa har da masanin nan John Dewey. A 1916 ya gabatar da wata takarda a kan jati, inda ya nuna cewa ginshiƙin al'adar duka shi ne hana aure tsakanin dangi da dangi. Daga nan ya wuce Landan don karatun lauya da ƙarin tattalin arziki, amma kuɗin sukolashif suka ƙare a 1917, tilas ya dawo. Littattafan da ya tara ya aiko su a wani jirgin ruwa dabam, Jamusawa suka nutsar da jirgin, da yake ana cikin Yaƙin Duniya na Farko.

Abin da ya same shi a Baroda shi ne, a ganina, ya fi kome ɗaci a tarihinsa. Ga mutum ya dawo daga Amurka da Ingila da ilmin da kaɗan ne suke da irinsa a duk ƙasar, amma a ofis masinjoji jefo masa fayil suke yi daga nesa, ruwan sha na ofis kuma ba nasa ba ne. A gari ba mai ba shi haya. Ya sami wani masauki na 'yan Parsi, mabiya tsohon addinin Farisa, ya shirya da mai kula da wurin aka rubuta shi da sunan Parsi. A rana ta goma sha ɗaya sai ga mutane wajen goma sha biyu da sanduna, sun gano ko shi wane ne, suka ba shi zuwa yamma ya bar gidan. Ya je wurin wani abokinsa ɗan Hindu, wannan ya nuna masa cewa in ya sauke shi barorinsa za su gudu. Ya je wurin wani abokin Kirista, nan ma ba a dace ba. Ya ɗauki kayansa ya zauna a wani lambun gwamnati har sa'a biyar yana jiran jirgin dare mai zuwa Bombay. Ya rubuta daga baya cewa bai taɓa tuna wannan rana ba sai hawaye sun zo masa.

A 1918 ya sami aikin koyarwa a Kwalejin Sydenham. Ɗalibai suka cika ajinsa, amma abokan aikinsa ba su yarda ya sha daga tulun da suke sha ba. Ya yi ta tara albashinsa. A 1920 ya kafa jarida da harshen Marathi mai suna Mooknayak, watau jagoran bebaye, da taimakon Sarkin Kolhapur, Shahu Maharaj, wanda shi ma ya tallafa masa ya koma Landan. A can ya yi zaman talauci, yana wuni a ɗakin karatu da ɗan abin da bai kai ya kawo ba a cikinsa. Ya dawo a 1923 yana lauya, da digirin dakta a kan matsalar kuɗin rupi, Columbia ma ta ba shi nata a 1927. Duk wannan lokaci Ramabai tana Bombay tana fama da rashi. 'Ya'ya biyar suka haifa, huɗu suka mutu suna ƙanana, Yashwant kaɗai ya rayu.

Yanzu sai maganar Mahad. Tun 1923 majalisar lardin Bombay ta zartar cewa rijiyoyi da tafkunan gwamnati na kowa ne, hukumar garin Mahad ma ta amince, amma a takarda kawai. A garin akwai tafki mai suna Chavdar. Musulmi da Kirista suna ɗiba, dabbobi suna sha, ɗan Mahar kuwa ko kusa. Ran 20 ga Maris, 1927, Ambedkar ya ja dubban mutane a jere har bakin tafkin, ya sunkuya ya kamfaci ruwa da hannu ya sha, jama'a suka bi shi. Abin da aka yi ke nan, shan ruwa. Kafin yamma an baza jita-jita cewa za su shiga ɗakin bauta, aka far musu da sanduna aka fasa wa da yawa kai. Ya hana mutanensa ramawa, ko da yake akwai tsofaffin sojoji a cikinsu. Bayan sun tafi, mutanen gari suka yi wa tafkin tsarki ta hanyar zuba masa tuluna na kashin shanu da fitsarinsu da madara da nono, saniya kuwa abar girmamawa ce a addininsu. Mai karatu ya yi wa kansa hukunci a kan wanda ya fi ɓata ruwan.

A watan Disamba na shekarar ya koma Mahad. Kotu ta hana su zuwa tafkin, saboda haka ran 25 ga wata suka ƙona littafin Manusmriti a bainar jama'a, tsohon littafin dokoki da ya tsara wa kowane jati matsayinsa. Ya kuma tara mata ya yi musu nasiha su daina shigar da ke nuna su ƙasƙantattu ne, su naɗa zanensu kamar yadda sauran mata suke yi, su sa 'ya'yansu makaranta, maza da mata. Ya daɗe yana kiran jama'arsa su bar cin mushe da karɓar ragowar abinci. Shari'ar tafkin kuwa sai a 1937 babbar kotun Bombay ta yanke ta, ta ba su gaskiya. Shekara goma cur a kan ruwan sha.

Kada mu zaci 'yan Hindu kaɗai ne suka kamu da wannan cuta. A 1934 ya je yawon buɗe ido da abokansa tsohuwar ganuwar Daulatabad, cikin watan azumi. Suka wanke fuska da ƙafa a wani ɗan tafki a bakin ƙofa, sai Musulmin wurin suka taso musu da zagi, wai sun ƙazantar da ruwan. Wannan labari ba shi da daɗin ji a kunnenmu, domin addinin da suke bi bai koya musu haka ba. Al'ada ce ta fi ƙarfinsu.

Sa'an nan ga saɓaninsa da Mahatma Gandhi. Gandhi ma ya ƙi jinin wariyar nan, ya zauna da waɗanda ake ƙyama, ya wanke masai da hannunsa, ya raɗa musu suna Harijan, watau mutanen Ubangiji. Amma shi yana ganin gyaran zuciyar manya ne zai kawo ƙarshen abin, addinin Hindu kuma ya zauna a dunƙule. Ambedkar bai yarda da jiran tausayi ba, bai kuma so sunan ba. Abin da yake nema shi ne doka da ƙuri'a. Gandhi yana yabon zaman ƙauye, shi kuwa yana gaya wa mutanensa su bar ƙauye su tafi birni, inda ba wanda zai tsaya tambayar jatin na kusa da shi a cikin jirgi. Bayan tarurrukan da aka yi a Landan daga 1930, gwamnatin Ingila ta yarda a 1932 cewa jama'ar Ambedkar za su zaɓi wakilansu su kaɗai. Gandhi yana kurkukun Yerwada a Poona, ya ɗauki azumi ran 20 ga Satumba, ya ce ba zai ci ba har ya mutu in ba a soke ba. Ƙasa duka ta juyo kan Ambedkar. Ya san in tsohon nan ya mutu, a kan talakawansa na ƙauyuka za a huce. Ran 24 ga wata ya sa hannu a yarjejeniyar Poona. Aka ƙara musu kujeru a majalisun larduna daga 71 zuwa 148, amma kowa da kowa ne zai jefa ƙuri'a a kansu. Har ya mutu yana ganin an yi masa ƙwace, domin wakilin da ƙuri'ar manya ta kawo ba zai iya ɗaga musu murya ba. Masana suna gardama a kan wannan har gobe.

Ramabai ta rasu a watan Mayu, 1935. Ta daɗe tana roƙonsa ya kai ta ziyara ɗakin bauta na Pandharpur, shi kuwa ya ƙi, don ya san a waje za a tsayar da ita. A watan Oktoba na shekarar, a garin Yeola, ya sanar cewa ko da yake an haife shi a cikin addinin Hindu, ba zai mutu a cikinsa ba. Shugabannin Musulmi da Kirista da Sikh suka yi ta zawarcinsa, bai yi gaggawa ba. A 1936 wata ƙungiya a Lahore ta gayyace shi ya yi jawabi, da suka ga abin da ya rubuta suka nemi ya rage, ya ƙi, aka fasa taron. Ya buga jawabin da kuɗinsa, ya zama littafinsa mafi shahara, a kan rushe tsarin jati.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da zafin rai da kaifin harshe, ba ya ragawa ko ga magoya bayansa. Kullum cikin kwat da taye yake, a zamanin da sauran shugabanni suke alfahari da farin saƙi na gida. Yana da dalilinsa: wanda aka hana kakanninsa sa tufa mai kyau ba ya bukatar a koya masa tawali'u da tsumma. Abin da ya fi so a duniya littafi ne. Gidan da ya gina a unguwar Dadar, mai suna Rajgruha, kusan don littattafansa ya gina shi, waɗanda aka ƙiyasta sun kai 50,000.

Daga 1942 zuwa 1946 ya riƙe sashen ƙwadago a majalisar Wakilin Sarkin Ingila. Da Indiya ta sami mulkin kai ran 15 ga Agusta, 1947, Firayim Minista Nehru ya naɗa shi ministan shari'a, duk da cewa ya shekara da shekaru yana sukar jam'iyyarsu ta Congress. Ran 29 ga watan aka ba shi shugabancin kwamitin rubuta tsarin mulki. Ba shi kaɗai ya rubuta ba, amma shi ya ɗauki mafi nauyin aikin, shi ya tsaya gaban majalisa yana kare shi sashe bayan sashe, ga ciwon sukari yana cinsa. A 1948 ya auri wata likita, Sharada Kabir, wadda ta koma Savita, ita kuwa 'yar Brahmin ce. Aka amince da tsarin mulkin ran 26 ga Nuwamba, 1949, ya fara aiki ran 26 ga Janairu, 1950. Sashe na 17 ya soke al'adar ƙyamar taɓawa, ya mai da ita laifi. Sashe na 15 ya hana a kori kowa daga kanti ko gidan abinci ko rijiya ko tafki saboda jatinsa. Da mutum ya karanta jerin wuraren nan zai ga kamar tarihin ministan ne ake bi ɗaki-ɗaki. An kuma ware wa jama'arsa kujeru a majalisa, aka buɗe hanyar ware musu guraben aikin gwamnati.

Daga nan ya juya kan dokar iyali. A al'adar Hindu ta mafi yawan ƙasar, 'ya mace ba ta gadon mahaifinta in akwai ɗa namiji, kuma a manyan jati mace ba ta da hanyar rabuwa da miji kome wuyar da take sha. Ya kawo shirin doka da zai ba mace gado da ikon neman saki, ya tsayar da mace ɗaya ga ɗan Hindu, ya kuma halatta aure tsakanin jati da jati. Dokar ba ta shafi Musulmin Indiya ba, su suna da tasu. Masu ra'ayin riƙau suka yi caa, har Shugaban Ƙasa Rajendra Prasad bai goyi baya ba. Zaɓe ya matso, Nehru ya ja da baya, Ambedkar ya ajiye aiki a 1951. Ya tsaya zaɓe a Bombay a 1952 ya faɗi, ya sake tsayawa a 1954 ya sake faɗi, sai a majalisar dattawa ya sami kujera. Abin mamaki, a 1955 da 1956 aka zartar da yawancin shirin nasa gutsure-gutsure. Cikakken daidaito tsakanin 'ya mace da ɗa namiji a dukiyar gado ta iyali kuwa sai a 2005 aka kai gare shi.

Shekara 21 bayan alkawarin Yeola ya cika shi. Ya zaɓi addinin Buda, wanda tarihinsa ya fara karantawa a littafin da Keluskar ya ba shi, saboda a ƙasar Indiya aka haifi addinin, kuma a fahimtarsa bai san jati ba. Ran 14 ga Oktoba, 1956, a birnin Nagpur, shi da matarsa suka karɓi addinin a hannun wani tsohon malamin Buda, sa'an nan ya juya ya karɓi mubaya'ar jama'ar da ta taru sanye da fararen tufafi, mutum dubu ɗari-ɗari. Bai cika wata biyu ba bayan haka. Ran 6 ga Disamba, 1956, aka tarar ya rasu cikin barci a gidansa na Delhi, yana da shekara 65. Aka kai gawarsa Bombay aka ƙona a bakin teku a Dadar. Littafinsa na ƙarshe, a kan Buda da koyarwarsa, ya fito a 1957.

To, yaya al'adar take a yau? A ƙidayar 2011 jama'ar da ya yi wa yaƙi sun haura miliyan 200, kashi 16.6 cikin ɗari na mutanen ƙasar. A cikinsu an sami likitoci da alƙalai da gwamnoni, biyu kuma sun zama shugaban ƙasa, K. R. Narayanan a 1997 da Ram Nath Kovind a 2017. A 1990 aka ba Ambedkar lambar Bharat Ratna, wadda babu ta sama da ita a ƙasar. Ranar haihuwarsa ranar biki ce, kowace 6 ga Disamba kuma jama'a sukan yi tururuwa zuwa inda aka ƙona shi.

Amma doka ta fi saurin shiga ofis a kan shiga kicin. Wani babban bincike da aka yi a gidaje a 2011 da 2012 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen sun amsa da bakinsu cewa suna yin wani nau'i na ƙyamar nan, kamar hana ɗan Dalit taɓa kwanoninsu, aure tsakanin jati da jati kuma wajen kashi biyar ne kawai cikin ɗari. Tallar neman miji ko mata a jaridu har yanzu takan faɗi jatin da ake so. A wasu ƙauyuka mai shayi yana ajiye kofi dabam, ango ɗan Dalit kuma in zai hau doki ranar aurensa wani lokaci sai 'yan sanda sun raka shi. An hana kwasar bayan gida da hannu da doka a 1993, aka sake hanawa a 2013, duk da haka ana ci gaba da samun mutane suna mutuwa a cikin kwatami, mafi yawansu kuwa 'yan Dalit.

Wanda ya bi ƙauyukan Indiya zai riƙa ganin gunkin wani mutum mai tabarau da shuɗiyar kwat, ya rungume littafi da hannu ɗaya, ya miƙa yatsan ɗaya hannun gaba. Yawanci talakawan unguwa ne suka yi karo-karo suka kafa shi, littafin kuwa tsarin mulki ne. A wurare da dama an kewaye gunkin da kejin ƙarfe an sa kwaɗo, saboda masu zuwa da dare su karya masa hannu.